Kwanon da Aka Ware wa Baba

Tun ina ƙarama, kafin in ga Baba nakan ji shi. Tarinsa ne ke riga shi shigowa gida, wani busasshen tari mai ƙarewa da ɗan fito, kamar butar shayi ta kusa tafasa. Inna na ji sai ta ce, "Ku kwashe tarkacenku daga hanya, jirgin ƙasa ya iso." Mu yi ta dariya, shi ma ya yi, dariyar ta sake tayar masa da tarin.

Gidanmu a Gadarif yake, kusa da iyakar Habasha, amma rabin shekara iyayena a gona suke yin ta, wata ƙatuwar gonar tarakta ta wani attajiri, can wajen Ƙala'at an-Nahal. Kakanninmu daga yamma suka taso za su Makka, hanya ta ajiye su a wannan baƙar ƙasa. Baba ya ce da yana yaro wurin nan daji ne, ƙaya da aduwa har ba ka hango gabanka. Ni dai da na buɗe ido aduwa ɗaya na tarar, a gefen kambo, wato bukkokin da leburori ke kwana. Ita ma direbobin tarakta ne suka bar ta don su sami inuwar shan shayi.

Aikin Baba da damina shi ne haɗa maganin ciyawa da na ƙwari a ganga. Da sanda yake juyawa, in sanda ta gajarta ya ƙara da hannu, bakin rawani kawai a hancinsa. Da kaka kuma yana bayan injin sussuka, cikin ƙaiƙayi. Inna ce mai dafa wa leburori abinci.

Ina kewar wannan cin abincin har yau. Tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa a manyan faranti, maza su kewaye gwiwa na gugar gwiwa: Hausawa, Larabawa, mutanen Habasha da suka tsallako yankan riɗi. Ba mai sa hannu sai Baba ya yi bismilla ya yanki lomar farko. In akwai busasshen kifi a miya, sai ya riƙa tura shi da yatsa gaban baƙon da ya fi kowa rama, yana ci gaba da hira kamar ba shi ba. Mu mata a bayan madafa muke ci. Ban taɓa ganin Inna ta kai loma baki a gaban Baba ba. Ko ruwa za ta sha sai ta juya baya, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba, Malam take ce masa.

Shekarar da korona ta zo ina koyarwa a firamare a gari. Da aka rufe makarantu sai na bar yarana wajen mahaifinsu, na tafi kambo taya Inna girki. Kullum rediyo na cewa a wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta, a kuma ba juna tazara. Inna ta dubi gangar ruwanmu, wadda a da ta maganin ƙwari ce, ruwan kuma daga tafkin da shanu ke sha, ta ce, "To, a gaya wa mai rediyon ya aiko mana da famfon." An rufe iyaka, mutanen Habasha ba su zo ba, riɗi kuwa in ya nuna ba ya jiran kowa, zubewa yake yi. Sai aka riƙa kwaso leburori daga ko'ina a bayan babbar mota, a cushe kamar buhunan dawa, a zuba su bukka ɗaya.

Ana cikin haka mai gona ya zo duba riɗi, da takunkumi a fuska, bai ko fito daga mota ba. Baba ya nufe shi da fara'a zai gaishe shi kamar yadda ya saba, sai tarin ya taso. Mutumin nan shekara da shekaru yana jin tarin nan, har tsokanar Baba yake yi da shi. Ran nan sai ya ɗaga gilashi. Ya yafito wakilinsa, suka yi magana ta ɗan tsagin taga, mota ta juya.

Wakilin ba mugun mutum ba ne. Kansa a sunkuye ya zo.

"Ma'alesh ya Hajji, ka yi haƙuri. Ya ce ka koma can gindin aduwa. Shimfiɗarka daban, kwanonka daban. Wanda duk ya zauna da kai, a sallame shi."

Baba ya ce, "Ya zol, bawan Allah, tarin nan ai na gonarku ne. Nan na same shi."

"Wallahi na sani. Amma haka ya ce."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu in na tuna sai ya sake ɓaci. Tarin da ba wanda ya taɓa cewa a kai shi asibiti a kansa, sai da aka ji tsoron zai iya tsallaka gilashin mota sannan aka ji shi.

Ni na kai masa kwanon farko gindin aduwa. Na dawo ɗauka na tarar ko taɓawa bai yi ba. Washegari ma haka. Shayi kawai yake kurɓa, ya je ya yi aikinsa can nesa da mutane, ya dawo ya zauna yana kallon farantin maza. Su ma cin nasu ya zama shiru, kowa ya yi bismillarsa a ciki. Da na matsa masa sai ya ce, "'Yata, tun da aka yaye ni ban taɓa sa hannu a kwano ni kaɗai ba. Lomar ba ta wucewa." Na ce to bari mu ci tare. Ya janye kwanon. "Ke kina da yara. In kuma da gaske ina ɗauke da wani abu fa?" Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, sun sa shi ma ya fara tsoron kansa.

Kwanaki suka tafi, ya rame ya yi zuru-zuru, in ya miƙe sai ya dafa itacen. Na ga Inna tana juya kwanon da ya dawo, tana kallon tuwon da ya sandare.

Wata rana da azahar na zuba zan kai, sai ta ce, "Kawo nan." Ta gyara mayafi, ta ɗauki buta, ta ratsa ta gaban maza duka har gindin aduwa. Ta wanke hannu, ta zauna a bakin tabarmarsa.

"Malam, yi bismilla, tuwo na hucewa."

Baba ya zaro ido. "Ke, mutane na kallo."

"Su kalla. Tun ina amarya nake kwana da tarin nan a kunnena, sai yau zai kama ni? In za a sallame ni, khalas, shi ke nan, mai gona ya zo ya tuƙa musu da kansa."

Wakili yana tsaye bai fi taku kaɗan ba. Sai ya ga wani abu a tayar tarakta da ke bukatar dubawa.

Baba ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya yi bismilla da ƙarfi, yadda har na kan faranti suka ji suka amsa. Ya yanki loma. Inna ta ja mayafi ta kare gefen fuska, ta kai tata baki, kunya kamar ta kashe ta. Can na ga yatsansa ya turo kifi gabanta. Ta mayar masa. Ya sake turowa, ta sake mayarwa. Haka suka ci tare a gindin aduwar nan har aka gama yankan riɗi, kuma ba a sallami kowa ba.

Korona ba ta taɓa kama Baba ba. Bayan 'yan damina tarinsa na gona ya tafi da shi, likita ya ce huhun ya riga ya ƙone tun tuni. Yanzu Inna tana wajena, ta koma cin abincinta a ɗaki, bayanta ga ƙofa. In na yi miya da busasshen kifi nakan leƙa. Tana ci, yatsanta na tura kifin can ɗaya gefen kwanon, inda babu kowa.