Bijimin da Na Yar a Bola

Ranar wata Alhamis da hantsi, bayan an gama yankan gero, a shekarar da na shiga aji uku na firamare, kakarmu Hajjo ta ɗauki doguwar sandarta tana tono tukwanen da ta gasa jiya daga cikin toka a bayan gidanmu. Mu yara muna kewaye da ita, muna jiran a ce mu ɗauka mu kai zaure. Ta jawo wata 'yar tukunya ta karkata ta, sai ga wani abu ya gangaro ƙasa: bijimin yumɓu, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, ja jawur, ƙahoni a miƙe, tozo a tsaye. Hajjo ta hure masa toka, ta ɗalle shi da farce, ya yi ƙara kamar ƙararrawar makarantarmu. Lawandi, taubashina, ɗan gwaggona, ya daka tsalle ya karɓe shi da hannu biyu. Ni kuwa idona ya sauka kan ƙafarsa ta baya ta hagu, na ga ƙari a kofaton, nan take na gane shi. Ni na gina bijimin nan, ni kuma na yar da shi a bola kwana tara da suka wuce. Likitoci uku sun auna ni a 'yan shekarun nan sun ce ina da hawan jini, suna ta ɗora wa gishiri laifi. Ni na san ranar da abin ya fara.

A ƙauyenmu da ke ƙasar Gwiwa, a gindin duwatsu, yaron da ba shi da shanun laka ba a kirga shi cikin maza. Da mun taso daga makaranta, mun kai wa awaki harawa, mun yi wa iyayenmu mata ɗiban ruwa, sai bakin kududdufi. Can za ka same mu a jere, gwiwa cikin taɓo, kowa na murza laka a cinya. Ƙaho da farar ƙaya muke yin sa, ido da ƙwayar gero, wutsiya da zaren buhu. In sun bushe a shafa musu farar ƙasa, a ɗiga musu gawayi, kowa ya kai nasa garken gindin rumbun gidansu ya jera: bijimai a gaba, shanun tatsa a tsakiya, maruƙa a gefe an kewaye su da 'yar dangar tsinke. Da yamma a bi gida-gida ana duba garke, ana kushewa ana yabawa kamar dillalan kara, kasuwar shanu. A wannan fage ni ne sarki. Garkena ya kai kai arba'in, in na jera su har kaji sai sun nemi izini kafin su wuce. Wani Bafulatani mai kawo nono gidanmu da matarsa ya taɓa tsayawa ya dube su ya girgiza kai, ni dai har gobe na ɗauka tayawa zai yi kunya ta hana shi.

Sai dai dukiyar laka ba ta da albarkar kwana. Yayyafi kaɗan ya isa ya mai da attajiri matsiyaci. Akuya ta taka, jariri mai rarrafe ya cinye kan saniya, uwarka ta zo shara ta haɗa da maruƙa uku. Mun saba, ba ma kuka sosai. Kududdufi na nan, gobe ma rana ce.

Lawandi kuwa, Allah ya ba shi haƙuri amma ya hana shi hannu. In ya gina saniya, sai ya tsaya ya yi maka bayani kafin ka san ba kwaɗo ba ne. Shanunsa bakwai ne, kuma bakwai ɗin nan yana lallaɓa su kamar ƙwai, yana rufe su da tsohuwar ƙwarya in hadari ya taso. Da yake taubashina ne, tsakaninmu wasa ne halal, ni kuma na ɗauki halal ɗin nan na yi masa cin ƙoshi. Ba ranar da ba na tambayarsa ko kwaɗinsa sun fara ba da nono.

Ranar da abin ya faru, na faki idon Hajjo na gutsuri yumɓunta na ginin tukwane, wanda take kwaɓawa da dakakken tsingaro, wato fasassun tsofaffin tukwane. Na zauna na gina bijimi irin wanda ban taɓa ginawa ba, har ƙahonin da yumɓu na yi su, ban sa ƙaya ba. Amma gaggawar in kai shi a gani ta sa ƙafa ɗaya ta gaza. Ina ajiye shi gaban yara sai ya kife. Na tayar, ya sake kifewa. Dariya ta ɓarke, wani ya ce sarkin shanu ya haifi gurgu. Zuciya ta ɗebe ni, na wurga shi kan bola na ce, "Na bar wa bola, mai so ya ɗauka." A dokarmu ta yara, abin da ka yar kuma ka furta a gaban shaidu ya fita hannunka fitar saki uku. Ban ko waiwaya ba. Ashe Lawandi ya bi baya ya tsince shi, ya miƙe masa ƙahon da ya lanƙwashe, ya ƙara masa ɗan yumɓu a kofato, ya goge masa jiki da santsin dutse yadda ya ga Hajjo na yi wa tulu, ya ɓoye shi a inuwar ƙarƙashin gadon uwarsa har ya bushe sarai. Sannan ya yi wa Hajjo ɗaukar kara da kashin shanu na kwana biyu, ya roƙe ta ta sa masa shi cikin tukunya ranar gashi.

Da yake ja ne mai dogon ƙaho, sai aka sa masa Rahaji. Wannan suna ya hana ni barci, ya hana tuwo wucewa. Rahaji ba ya tsoron ruwa: Lawandi kan tsoma shi cikin kwatarniya a gabanmu ya fito da shi yana ƙyalli. In aka yi karo, wato aka gwara kan bijimi da bijimi, namu su ruguje, shi ko gezau. A mako guda ya mai da manyan bijimaina shida gari. Kuma Lawandi bai bar shi haka ba. Ya tsinko 'yan duwatsu daga tsohuwar jigidar yayarsa ya yi masa abin wuya. Ya sa masa igiyar hanci da zaren kaba. Ya ƙera masa amalanke da gwangwanin kifi, ƙafafun da marafan kwalba, yana loda masa ƙwayar gyaɗa huɗu a ce an tafi cin kasuwa Babura. Yara daga unguwar gabas suka riƙa zuwa kallo, suna wuce garkena na kai arba'in kamar sun wuce juji. Ni da ake yi wa fadanci, na koma mai leƙe ta kafar danga.

Na bi ta lalama. Na ba shi shanu goma, ya ƙi. Na ƙara da danƙona na harbin tsuntsu da garen da nake ji da shi, ya ce Rahaji ba na sayarwa ba ne. Na kai ƙara wurin Hajjo, na ce mata ai tsintacciyar mage ba ta mage. Tana murza bakin tulu, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Angona, kai ka haifa ka yar, shi ya tsinta ya yi reno. Ɗa na mai reno ne. Kuma yumɓun wa ka sata?" Nan shari'a ta watse, mai ƙara ya fita da gudu.

To, a nan ne shaiɗan ya ba ni shawara, ni kuma na karɓa da godiya. Na ce in wuta ce ta mai da gurgu sarki, to ni garke guda zan gasa. Ranar gashin tukwane na gaba, tun da safe na tafi kududdufi na gina wani ƙaton bijimi da laka mai tsakuwa, girmansa ya kusa kabewa, na shanya shi a rana bayansa ya bushe, cikinsa kuwa danye sharaf. Na ƙara da sababbin shanu ashirin. Hajjo ta gama jera tukwanenta, ta lulluɓe su da kara da kashin shanu, ta shiga gida sallar la'asar. Na lallaɓa na cusa dukiyata a tsakanin tukwanen, ƙaton kuma na zaunar da shi a jikin wata babbar randa da ta yi mako biyu tana gini. Ta fito ta yi bismilla ta sa wuta. Na koma gefe na harɗe hannu, ina tsara yadda zan yi wa Lawandi jaje gobe.

Wutar ba ta gama kamawa ba aka ji ƙara kamar an harba bindigar toka. Sai ta biyu, sai ta uku, sai abin ya zama kamar ana suyar gugguru a tukunyar aljanu. Kaji suka haye danga, jakin maƙwabcinmu ya tsinke igiya, an ce sai a hanyar Roni aka kamo shi, ko da yake wannan ni na ƙara. Wani tozo ya wuce ta saman kan ladan. Washegari da aka tona, randa ta rabe biyu, tukwane bakwai sun fashe, a cikin tokar kuma ga ƙafafu da kawunan shanu birjik, ba sai an nemi mai laifi ba. Abin da ban manta ba shi ne Hajjo a tsugune tana haɗa ɓarin randar nan biyu tana rabawa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Babana ya ciro tsumagiya, ta hana shi. Ta ce tunda ni na samar da tsingaro, ni zan daka shi. Rani guda ina gindin turmi, ina dakan tukwanen da na fasa, yara na wucewa suna gaishe da makiyayin toka. A gindin turmin nan na koyi cewa danyen yumɓu da tsakuwa ba sa shiri da wuta. Da na ce to yanzu na gane, a ba ni dama ɗaya, sai ta ce, "Wutata ba ta gasa wa mai gaggawa." Har ta koma ga Mahaliccinta ban sa ko ɗan maraƙi a wutarta ba.

Yau Lawandi ya yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma, yana zaune a Kazaure, kuma cutar tsince-tsince ba ta sake shi ba. A falonsa akwai kabad na gilashi har da ƙwan lantarki a ciki. Ya bi ƙauyukan Roni da Babura, har tsallaken iyaka yana ciniki da sefa, yana tattaro kayan wasan da mutane suka manta a bayan ɗaki: motar kara, motar langa-langa, keken waya, 'yar tsanar ƙashi da ya sa aka yi mata sabon kitso da zanen atamfa. Kowanne ya gyara shi, ya rubuta masa 'yar takarda. A can sama, kan ƙyallen karan-miski, ga Rahaji da amalankensa. Duk baƙon da ya shigo sai an ba shi tarihi, kuma a tarihin nan sunana ba ya fitowa sai an zo wurin fashewar randa. Shekara arba'in ke nan duk Sallah sai na je, na ci naman gidansa da hushi, na ce a ba ni bijimina. Shi kuma ya ce in je bola in nema.

Sallar da ta wuce na same shi ya rame, ya sha jinya, yana tashi da sanda. Na yi masa tsiyar da na saba, na ce a ba ni bijimina. Maimakon amsar da na sani, sai ya buɗe kabad ɗin ya ɗauko shi ya ɗora mini a tafin hannu, karo na farko tun ranar da na wurga shi. Ya fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. Na juya shi, na ga ƙafafu ukun da na gina duk sun taɓa karyewa an liƙe su da gam, ƙafar da ya yi wa ƙari ita kaɗai ce lafiya lau. Na yi kamar ban gani ba.

"Yaran gidan nan ba su san shi ba," in ji shi. "Ranar da na kwanta dama, a buhu za su kwashe kayan nan. In na riga ka, ka zo ka ɗauke shi kafin a yi shara. Amma kada ka sake ce masa gurgu."

Na ce masa ya daina cika baki, ni ba na karɓar sadaka daga mai kiwon kwaɗi. Muka yi dariya, na mayar da Rahaji kan ƙyallensa da hannu biyu.

Kududdufinmu yanzu an cike shi an yi shaguna. Jikokina suna da motocin roba masu waƙa, su karya da safe a sayo wata da yamma, ba wanda ya taɓa jin sanyin laka a cinyarsa ko ya san zafin a kushe masa saniya. Gindin rumbun da nake jera garkena ma babu shi, balle mai tono tukwane da doguwar sanda. Kishin dai yana nan daram, ban rage ko ƙwaya ba. Sai dai addu'ar ce ta juya. Shekara arba'in ina roƙon Allah ya dawo mini da bijimina, yanzu kuwa roƙona shi ne bijimin ya daɗe a hannun mai shi.