Ajin Maestro Rabanal a Rumfar Taba

Tun yana saurayi har ya yi furfura, Maestro Eustaquio Rabanal yana koyar da Latin a makarantar horar da limaman coci ta garinsu, a yankin Ilocos. Mutum ne mai kaushin hali. A wurinsa, furta kalmar da ba ka san ma'anarta ba reshe ne na ƙarya, ko da a addu'a ne. Kuma a nan bai yi kuskure ba.

Da aka mayar da ibada daga Latin zuwa harshen gari, shugaban makarantar, wanda tsohon ɗalibinsa ne, ya sanar da shi cikin ladabi cewa an rushe ajinsa. Ya yi masa tayin tsaron ɗakin littattafai.

"Apo, ni ba mai gadin gawa ba ne," in ji Rabanal, yana kiransa da laƙabin girmamawa na garin. "Aji kuka rushe, malamin yana nan."

Sai dai malamin da ba shi da ɗalibi suna kawai ya rage masa, kuma ya san haka. A garin babu sauran masu amfani da Latin sai tsofaffin matan da ake gayyata gidan rasuwa su rera wa mamaci addu'a da ka, waɗanda ya daɗe yana kira aku. Ya haɗiye girman kai, ya sami shugabarsu, Manang Dorotea, wato Yaya Dorotea, a rumfar shanyar taba tana tsince ganye, da ƙatuwar sigari a baki.

"Yau kuma aku ake nema, Manong?" ta ce, tana kiransa Yaya da harshen garin.

Ya roƙe ta ya koya wa matan ma'anar Latin ɗin da suke rerawa. Ta yarda bisa sharaɗin zai riƙa tsintar ganye yana koyarwa, domin a rumfarta ba a zama hannu sake.

Da gawayi ya rubuta kalmar farko a bango: dissolutio. Ya bayyana cewa suna ne jinsin mace, daga rukuni na uku, yana komawa dissolutionis idan ana nufin mallaka. Ma'anarsa kwancewa, wargajewa, har da rabuwar rai da jiki. Matan suka maimaita, yana gyara musu ba sassauci.

Shugaban makarantar ya aiko cewa abin ya yi kama da tawaye. Rabanal ya ce a gaya masa ikonsa ya ƙare a ƙofar makaranta.

Bai daina ba har ya kwanta ciwon ajali. Matan nan ɗalibansa ne suka rera a kan gawarsa, kuma babu kalmar da ta fita daga bakinsu ba su san ma'anarta ba.