Sunaye Talatin da Bakwai a Jakar Baba Mu'tasim

Kullum da hantsi Baba Mu'tasim yana kan teburin shayinsa a unguwar Arba wa Nus, jakar fata rataye a wuyansa. Ɗalibanmu da suka zo karatu daga gida kan tsokane shi: "Baba, har yau kana dakon Yahudawanka?" Shi kuwa sai ya ce, "Ma'alish, ba komai, ɗana, sha kafin ya huce."

Takardun buhun siminti ne a jakar, guda talatin da bakwai. Garinsu a Sudan garin haƙar zinariya ne a bakin iyaka. Wasu Yahudawa maƙera sun zauna can, suka hayayyafa, suka binne nasu, sauran suka watse. Mahaifinsa ke share maƙabartarsu, shi ya gaje shi. Da masu haƙa suka kawo katafila, sai ya bi kabari-kabari, ya ɗora takarda a dutse ya goga gawayi har rubutun ya fito, alhali ko harafi ɗaya na Ibrananci bai sani ba. Kwana uku ya yi. A na huɗu babu maƙabarta. Da yaƙi ya koro shi, katifa ya bari, ya ɗauko jakar.

Bara bututu ya fashe a ɗakinsa, ya shanya takardun a tebur. Rilwanu, ɗalibin hadisi, ya zari ɗaya ya naɗe ta'amiyya, ƙosan mutanen nan, da ita. "Ai zanen gawayi ne kawai, Baba." Shekara huɗu yana haddace sunayen maruwaita don kada ɗaya ya salwanta, amma ya shafe sunan mamaci da mai. Mu da ke wurin dariya muka yi. Wannan dariyar har yau tana ƙona ni.

Baba bai zagi kowa ba. Ya yi ta cigiya har ya samo Nada, mai karatun Ibrananci a Giza. Ta karanta talatin da shida, ta rubuta su da Larabci. Ta ɗaga mai maiƙon. "Ammu, wannan ta tafi."

"Ƙaramin ne," in ji shi. "Kabarin bai kai kamu biyu ba."

Baba Mu'tasim, kai ne mai riƙon amanar da ba wanda ya ba ka. Mun gode, Baba, Allah ya saka.

Mu kuma masu taƙama da ijaza, shaidar karatu, kowa ya nemi tsohon da ke riƙe da wani abu, ya zauna ya rubuta tun yana raye. Nada ta bar layi na talatin da bakwai babu komai. Mu muka rubuta shi haka, da maiƙo da dariya.