Kukan Da Na Sa Mama Ta Yi

A shekarun da nake koyarwa a wata sakandare a Zuru, ni ne daraktan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garinmu. Ba wanda ya zaɓe ni. Wani ɗan kwas na yi a Kano, na dawo da hular hana-sallah da bakin iyayi, shi ke nan kowa ya ja gefe ya bar mini kujera. 'Yan wasan namu malamai ne, sai wani tela da wata ma'aikaciyar jinya. Kyamarar kuwa ta wani mai ɗaukar bikin aure ce, ranar da ba biki yake zuwa ya ɗauka mana. Gidan talabijin na jiha ya ba mu rabin awa duk mako, muna aika kaset a motar haya.

Ba ma rubuta magana. Nakan tara su a gindin mangwaro in ce, kai ne uba, ke ce 'ya, ga abin da ya faru, ga inda za a tsaya, sauran kowa ya nemo a bakinsa. Abin da ya sa mutanen gari suka so wasan ke nan, don kansu suke ji a ciki. Tela in ya fusata Hausa takan ƙare masa, sai ya zarce da yarenmu, gari ya kwana uku yana dariya. Ni kuwa haushi abin yake ba ni. So nake a ce wasanmu bai bambanta da na Kano ba.

A Zuru sai an sha nema kafin a samu gidan da ba soja, don haka na shirya labarin wata uwa da ɗanta ya mutu a wurin yaƙi. A sauran wasanninmu ma'aikaciyar jinya ce ke fitowa uwa, muna barbaɗa mata hoda a kai ta zama furfura. Wannan karon na ce tsohuwa ta gaske nake so, kuma na san wadda zan nema.

Ƙawar mahaifiyata ce, Mama muke ce mata duk unguwa. Matar tsohon soja ce, a bariki ta yi ƙuruciyarta. Ɗanta ya bi sawun ubansa, aka tura su Saliyo, bai dawo ba. Gawa ba ta zo ba, akwatinsa na ƙarfe kawai wasu sojoji biyu suka kawo mata. Tun daga ranar, duk gidan da aka kai wa irin wannan akwati, Mama ake fara aika wa ta zo ta zauna da matan gidan. Na san duk wannan, kuma saboda shi na je. Ba zan yi wa kaina kwalliya ba.

Na same ta tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni.

"Mi zan ce a ciki?" ta tambaye ni.

"Babu rubutu, Mama. Abin da ya zo bakinki."

Ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa a hannu, sannan ta ce, "Yaran matan yanzu ba su san yadda ake karɓar akwati ba. Mu a bariki, mace ba ta kuka gaban kaki. Waɗanda suka kawo maki akwatin 'ya'yan wasu ne, kuma can inda naki ya faɗi za su koma. Ba ki ɗora masu kukanki su tahi da shi. Ki ba su ruwa, ki ba su abinci, ki raka su bakin ƙohwa. In kin kulle ɗaki, wannan tsakaninki da Allah ne." Ta ɗago ta dube ni. "In shi za ka nuna, zan yi. Amma yadda aka yi mini zan yi, ba ƙari."

"Na yi alkawari, Mama," na ce, ko tunani ban tsaya yi ba.

A gidanta muka yi ɗaukar, wata Asabar da hantsi, can wajen hanyar Manga. Mun aro kaki daga tsofaffin sojoji, tela da wani malamin lissafi suka saka. Muna neman abin da zai tsaya a matsayin akwati sai Mama ta shiga ɗaki ta jawo na gasken, baƙi, fentinsa ya fara ɓarewa a kusurwa. Aka fita da shi waje. Na ce a fara.

Suka yi sallama suka shigo, ɗaya riƙe da kowane gefe, suka ajiye. Mama ba ta dube su ba, akwatin ta duba. Ta ce, "Sannunku da hanya. Kun sha rana." Ta je randa ta ɗebo ruwa a kwano, ta tsaya har suka sha. Tela ya ce, "Mama, sai haƙuri." Ta ce, "Na gani." Ta sunkuya ta goge murfin akwatin da bakin zanenta, a hankali, kamar mai goge wa yaro fuska. Sai ta tambaya, "Ya sha wuya?" Wannan ba ya cikin abin da muka tsara. Tela ya daburce, da ƙyar ya ce, "A'a, Mama." Ta ce, "To, madalla. Ku zauna, akwai tuwo."

Mai kyamara, wanda ba abin da ya sani sai amarya da ango, yana share ido da kafaɗarsa. Ni kuma, gwanin da ya je Kano, sai na daka tsawa na ce a tsaya.

"Mama, ina kukan?"

"Wane kuka?"

Na shiga zuba mata bayani. Na ce masu kallo a Birnin Kebbi ba su san bariki ba, za su ce uwar ba ta son ɗanta. Na ce talabijin ba ya ganin abin da ke cikin zuciya, sai an fito masa da shi fili. Ta ce, "Ai ka yi alkawari." Na ce wannan na farko yana nan, gwaji kawai za mu ƙara. Ɗan ƙawarta ne ni, ta goya ni ina jariri, ba ta iya yi mini gardama a gaban mutane ba. Aka sake fita da akwatin.

Na biyu ta yi kamar na farko, na tsayar. Na uku akuya ta ratsa ta gaban kyamara. A na huɗu ne na yi abin da ban taɓa yi wa kowa ba a ƙungiyar nan: na sa mata magana a baki. Na ce da sun ajiye ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo Allah, na shiga uku, ɗana!" sannan ta zube ƙasa. Ta maimaita kalmomin kamar mai karanta allon makaranta. Tela ya ja ni bayan rumbu ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, akwatin ɗanta ne fa." Na ce masa ya tsaya ga keken ɗinkinsa ya bar mini aikina. Har yau in na tuna wannan magana sai kunya ta rufe ni.

Rana ta take, kaki ya jiƙe da zufa, ana ta fita da akwati ana shigowa da shi. A karo na bakwai Mama ta ɗora hannu a ka ta fara da kalmomina, sai kalmomin suka ƙare kukan bai ƙare ba. Ta kifa kan akwatin tana kiran sunan ɗanta na gaskiya, sunan da ba ya cikin labarin. Na ce a tsaya, kyamara ta tsaya, ita ba ta tsaya ba. Ma'aikaciyar jinya ce ta kama ta ta kai ta ɗaki. Ni kuwa daɗi na ji. Na koma gida ina cewa yau na yi aikin da za a san da ni.

An nuna shi ranar Lahadi da yamma. Daga Birnin Kebbi aka aiko mini da yabo, abokan aiki suna ta ba ni hannu. A unguwarmu kuwa shiru aka yi. Daga bakin mahaifiyata na ji abin da tsofaffin matan bariki ke faɗa a bakin coci: wadda take koya wa yara riƙe kai, ga ta tana birgima gaban kaki, kuma gaban duniya. Ba su ce wasa ne ba, don sun ga akwatin sun gane shi, sun kuma ji sunan da ta kira. Da damina ta faɗi aka kai akwati wani gida a hanyar Mahuta. Ba wanda ya aika wa Mama. A bakin mutane ta ji, bayan an yi kwana uku.

Ban je na gaishe ta ba. Kullum sai in ce gobe. Ita ce ta zo makaranta ta same ni lokacin hutun tara, sanye da zanen zuwa coci, ta tsaya a bakin ofishin malamai ta ƙi shiga. Na fito na durƙusa.

"Malam," ta ce. Ba ta taɓa kira na haka ba, da sunan yarinta take kira na. "Wancan na farko da ka ce yana nan, shi na zo karɓa. Ina so in kai wa matan zumuntar coci su gani da idonsu, su san yadda na yi."

Na rasa inda zan sa kaina. Kaset ɗinmu ba su da yawa, don haka duk ɗaukar da darakta ya ce ba ta yi ba, mayar da kaset ake yi baya a ɗora sabuwa a kanta. Da bakina na ce wa mai kyamara ya mayar, a tsakar gidanta, tana tsaye tana jiran a sake shigowa da akwatin. Na faɗa mata haka, ina kallon ƙasa. Na ce za mu iya sake ɗauka, duk ranar da ta ga dama, yadda take so, ba zan ce uffan ba.

Aka kaɗa ƙararrawar komawa aji. Sannan ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"A'a, ya isa," ta ce. "Sojoji sau ɗaya suka kawo mini akwatin nan. Kai sau bakwai ka kawo mini."

Ta juya ta nufi ƙofar makaranta, ni kuma ina durƙushe, na kasa ko tashi in raka ta.