Tokar Tsire a Gidan Alhaji Baballe

A layinmu na nan Agege, idan ka ambaci Alhaji Baballe, ba wanda zai fara gaya maka cewa ya yi shekara talatin da biyu yana jan tankar mai daga Apapa bai taɓa kayar da ita ba. Labarin da za a fara ba ka shi ne na ranar da maguna goma sha ɗaya suka kai masa ziyara.

Shekara uku ke nan, saura kwana biyar Babbar Sallah, Alhaji ya ɗaura niyyar wanke gidansa kaf da toka. To, toka a Legas ba abin da za ka tsinta a bakin ƙofa ba ce, kowa da gas yake girki. Ya zaga layi uku bai samu ko cikin gwangwani ba. Har wajen Iya Basira mai tuwon amala ya je, suka gaisa da Yarbanci kamar 'yan uwa, ta ce masa ita ma ta rabu da itace tun bara. Sai ya tuna da Mato mai tsire na bakin titin jirgi. Mato bai tambaye shi me zai yi da ita ba, ya yashe tukubarsa ya cika masa buhu.

Duk wanda ya tashi a gaban murhu ya san tokar tukuba ba ta wanki. Kitse ya yi wata da watanni yana ɗiga a cikinta, ga yaji, ga ƙuli-ƙuli. Amma Alhaji haifaffen Agege ne, a wurinsa toka toka ce. Ya kwaɓa ta a bokiti, ya bi zaure da tsakar gida da ɗakuna yana dirza da soso, bai bar ko tukwane ba. Kafin azahar gidan ya ɗauki ƙamshi har bakin titi. Malam Mu'azu ladan ya leƙa zai ja shi masallaci, yana sa ƙafa a zaure santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas da sallamarsa a baki. Daga nan zaune ya ƙirga magunan, sun jeru a tsakar gida suna lasar siminti, Alhaji na tsaye a tsakiyarsu da soso a hannu.

Mun yi dariya, har gobe muna yi. Sai dai ba kowa ya san abin da ya kai shi neman toka ba.

Gidan nan kakansa ne ya gina shi, wani farke ɗan goro da ya zo daga Kano ya ƙi komawa. Ɗaki takwas ne. Ina yaro, in ka shiga da safe sai ka bi layin buta, mutum ya fi ashirin a ciki. Yau Alhaji kaɗai ke kwana. Yayyensa sun rasu, 'ya'yansu sun watse, uwargidansa Hajiya Rahamatu ta cika shekara shida da rasuwa. Babban ɗansa Abdulhafiz yana Kanada, sai dai a ga juna a waya. 'Yarsa Fareeda tana aure a Ajah, cikin Legas ɗin nan, amma wanda ya san cunkoson hanyar can ya san wata ran Ilorin ta fi kusa. Masu gine-gine sun zo sun fi sau biyar suna son gidan, 'yan haya ma sun nema, ya ƙi. Har yanzu kowane ɗaki da sunan mai shi yake kiransa, ɗakin Hafiz, ɗakin Goggo, ɗakin Hajiya, kamar sun je unguwa ne za su dawo.

Sallar da ta biyo bayan rasuwar Hajiya, Fareeda ta ce za ta zo da 'yarta Muhsina su kwana uku. Alhaji ya so ya nuna gida bai lalace ba don babu mace. Ya sayo duk wani ruwan wanki mai ƙarfin wari da ke kanti, ya malala ko'ina, ya rufe tagogi don kada ƙamshin ya gudu. Muhsina tana da asma. Ba ta yi awa ɗaya a gidan ba numfashinta ya sarƙe, aka kwashe ta sai asibiti. Allah ya kiyaye. A bakin asibitin Fareeda ta ce masa, "Baba, e ma binu, kada ka ji haushi. Likita ya ce ban da ƙura, ban da wari mai ƙarfi, ban da gashin dabba. Gidan nan kuma ya tsufa. Mu dinga gaisawa a waya tukuna."

Alhaji ya bar asibitin. Ya dawo ya kwashe kwalaben ruwan wankin nan ya ba mai shara, ya zauna yana tuno yadda Hajiya take yi. Ita 'yar Bichi ce, shekara arba'in tana gyaran gidan nan da toka da kanwa da lemun tsami da sabulun salo, ba wanda ya taɓa yin ko atishawa. Shekara arba'in yana kallonta daga kan kujera, yana jiran ta gama ta kawo shayi, bai taɓa tambayarta daga ina take samo tokar ba.

Bayan abin da ya faru da ladan, Inna Habiba mai koko ta tausaya masa. Ta ce, "Alhaji, tokar itace tsantsa ake nema. Ka je gidan burodi, su har yanzu da itace suke gashi. Ka tankaɗe ta, ka jiƙa ta kwana, ruwan saman za ka tsiyaya. Kai da ka iya juya tanka a Apapa, wannan zai gagare ka?"

Bai gagare shi ba. Yanzu ba na jin akwai mace a layin nan da ta kai shi. Saura kwana goma Sallah yake farawa, ɗaki ɗaya kowace rana. Ya ɗaure tsintsiya a gora ya sauke yanar gizo, ya fitar da katifu rana, ya bi funfunar da damina ke bari a bango da ruwan lemun tsami, ya dirje daɓe da ruwan toka, labule kuma sabulun salo. Tukwanen Hajiya, waɗanda ba a ɗora su a wuta ba tun da ta tafi, sai ya goge su da kanwa har ka ga fuskarka, ya mayar da su ya jera. Ya tafasa ganyen darbejiya ya yayyafa a lunguna saboda sauro. In ya gama ɗaki sai ya tsaya a tsakiya ya ja numfashi mai tsawo, wai yana gwadawa da ƙirjinsa.

Magunan nan kuwa, takwas sun tafi da ƙamshi ya ƙare, uku suka zauna. Akwai wata mai yagaggen kunne da ta mayar da ƙarƙashin kujerarsa ɗakinta. Ya fara sayo musu kan kifi. In ka wuce da hantsi za ka ji shi ta taga yana ba su labarin hanyar Apapa, yana yi musu faɗa da Yarbanci in sun hau tabarmar salla. Wata bakwai suka yi tare, har ya yi ƙiba.

Sai Fareeda ta bugo ta ce bana za su gwada zuwa. Alhaji ya tuna abu na uku da likita ya hana. Washegari da safe ya sa magunan a kwali ya huda masa ƙofofin iska, ya hau motar haya ta danfo, ya kai su bakin mayanka ta Oko-Oba, inda ya ce ko ba komai ba za su kwana da yunwa ba. Ya dawo ya sake wanke gidan daga zaure har bayi.

Sallar nan ba su zo ba, dangin miji sun riga shi. Direba aka aiko da kulolin abinci. Bara sun zo. Muhsina ta zaga ɗakunan nan takwas a guje, ta buɗe tukwane, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba, Alhaji na biye da ita yana sauraron ƙirjinta. Awa biyu suka yi. Kafin la'asar Fareeda ta duba agogo ta ce hanya za ta cushe, amma in Allah ya kai mu baɗi za su kwana.

Baɗin ce ta zo yanzu. Shekaranjiya bayan la'asar muna zaune a benci ƙofar masallaci, sai ga shi ya fito daga gidan burodi da buhu a kafaɗa, gemunsa fari fat da toka. Malam Mu'azu, wanda har yau in zai shiga zauren nan sai ya dafa bango, ya ce, "Alhaji, a dai duba buhun da kyau. Ina baƙin naka masu wutsiya, bana ba a gayyace su ba?"

Alhaji ya sauke buhun, ya karkaɗe hularsa, ya ce, "Ku yi dariyarku, Malam. Su dai da suka ji ƙamshi sun zo, kuma sun kwana. Ɗakin Fareeda ya rage mini, gobe zan gama shi. In ranar Sallah ta wuce ban ji tsayuwar mota a ƙofar nan ba, ka gaya wa Mato kada ya zubar da tokarsa."