Atamfar da Ba Ta Kwana a Ɗakina Ba

Na fara ƙirƙirar labarai ne bayan ciwon gwiwa ya zaunar da ni daga kasuwa. Karatuna bai wuce firamare ba, hannuna kuma ba shi da sauri, don haka ƙashin labarin kawai nake rubutawa a takarda, sauran da baki nake cikawa. Da hantsi nakan zauna a tsakar gidana a unguwar Barade, in danna waya in karanta, in tura wa ƙungiyarmu ta mata. Su ma su tura wa wasu. Da haka muryata ta kai Iware da Sunkani, ni ina zaune a kan tabarma. Dabarata ɗaya ce, in tsayar da labari daidai inda aka ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe ba tukuna. Kafin azahar waya ta cika da masu yi mini tsiya.

Duk labaraina a kan mace ne da wani babba ya taka. Ina da wata ɗabi'a da ban lura da ita ba, sai da wata ƙawata mai sayar da doya ta nuna mini. 'Yar ƙabilar Mumuye ce, Kirista, mun daɗe muna maƙwabtaka a kasuwa, kuma ba ta iya ɓoye magana ba. Ta zo duba ƙafata, ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Mama, kin sake kashe mutum a hanyar Wukari."

Na ce, "Azzalumi ne ai. Allah ya kama shi."

"Kullum sai tirela ta kama shi? Ke da direbobin tirela kuna da alkawari ne? To ya mutu. Matar fa, an mayar mata da abinta? 'Ya'yansa ne za su ci, ita kuma ta je ta'aziyya."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Gaskiya ta faɗa. Ina kashe su ne don kada in tsayar da su gaban matar su ji kunya. Ko a cikin labarin da ni na ƙirƙira, tsoron babban mutum nake ji.

Sai na fara sabo, na yi niyyar wannan karon mugun zai rayu. Labarin wata mata ne da mijinta ya rasu ya bar mata gona a bakin rafi. Wani mai hali ya zo da masu awo, suka kafa duwatsun shaida a cikin masararta tun ba ta nuna ba, ya ce gwamnati ce ta ba shi. Matar ta shiga neman tsohon da ya ga lokacin da aka sayar wa mijinta gonar, mutanen mai halin su ma suna nemansa. Na ja labarin har ranar shiga kotu. Saura kashi na ƙarshe.

A safiyar da zan karanta shi, 'yar kawuna ta yi sallama. Tare muka tashi, tare muka yi aure a shekara ɗaya, Adda take ce mini don na girme ta kaɗan. Kuma tare muka yi wani aiki shekaru da yawa: mu ne matan da manyan unguwa ke aikawa ba da haƙuri. In wani mai hali ya cuci mace, ya ga magana za ta fita, mu ake kira. Aikin yana da tsarinsa. Ba ka zama a kujera, a ƙasa kake zama. Ba ka taɓa maganar sai ka sha ruwan gidan. Ka yabi iyayen matar, ka tuna mata lahira, sannan in za ka tashi ka tura turmin atamfa ƙarƙashin tabarma kamar mantuwa. A wurinmu, in atamfar ta kai magariba a ɗakin, an karɓi haƙuri ke nan, magana ta mutu. Mace ba ta sake tayar da ita, in ta tayar sai a ce ba ta da mutunci. Na bar atamfa a ɗakuna da yawa, kuma a lokacin ina ganin lada nake samu.

Na miƙa wa 'yar kawun nawa kujera, ta ce ƙasa ta fi mata. Na dube ta. Ta nemi ruwa. Ta sha, ta fara ba ni labarin kirkin mahaifina.

Na ce, "Tsaya. Wa ya aiko ki?"

"Haba Adda, ba zan zo gaishe ki ba sai an aiko ni?"

"Ni na koya miki zaman nan. Har gyaran muryar nawa ne. Wa ya aiko ki?"

Ta sunkuyar da kai, ta faɗi sunan wani ɗan kwangila da kowa ya sani a gari. Wai matansa suna sauraron labarin a gidansa, har masu aikinsa sun fara kallonsa, don shi ma ya karɓi wata gona a bakin rafi. Ba ya neman in daina. Yana roƙo ne kawai a ƙare da sulhu, dattawa su shiga tsakani, matar ta yafe, kada a kai ga alƙali.

Na ce, "Ni mutumin nan daga kaina na ƙago shi. Wallahi ban san yana da gona a bakin rafi ba sai yanzu da kika faɗa mini."

"To ki rufa masa asiri. Me zai rage ki? Labari ne fa, ba Alƙur'ani ba."

"In labari ne kawai, me ya kawo ki da sassafe?"

Ta ce ɗanta a wurinsa yake aiki. Ta ce mu tsofaffi ne, kabari muke jira, ba rigima ba. Ta ce, "Useni, Adda, ki dubi zumunci." Wannan ta taɓa ni, don ban taɓa jin ta roƙe ni da Fulatanci ba sai ranar. Ita kuma ba ta jira amsata ba, ta yi sallama ta fita da sauri.

Da na ɗaga tabarma, ga ta nan. Atamfa mai tsada, shuɗiya, irin wadda ban taɓa ɗaurawa ba.

Ba zan ɓoye ba, na zauna da ita a cinya har azahar. Ba kyanta ne ya riƙe ni ba. Na san in na mayar, na mayar da 'yar kawuna tare da ita, domin ɗan aiken da aka dawo wa da kaya ya ji kunya a gaban wanda ya aike shi. Na ma gwada ƙarshen sulhun a bakina, in ji yadda zai fita. Dattawa sun taru, matar ta share hawaye ta ce ta bar wa Allah. Ya fita sumul, don na sha faɗin irinsa a ɗakunan mutane. Sumul ɗin nan ne ya ba ni haushi.

Bayan la'asar na ɗauki sandata na tari keke mai ƙafa uku. Na fara zuwa gidan 'yar kawuna, don ƙa'ida ta hannun wanda ya kawo ake mayarwa. Ƙofa a kulle. Maƙwabciya ta ce ta tafi Sunkani sai gobe. Wannan ma dabararmu ce, ɗan aike ya ɓace har rana ta faɗi. Na ce wa mai keke ya juya, gidan mai kayan za mu.

Maigadi ya ƙi karɓa. Ya ce, "Hajiya, ba a ba ni izini ba."

"Ni ma ba a nemi izinina ba da aka ajiye ta."

"Ki dawo gobe, Alhaji ba ya nan."

"Gobe ta yi nisa, ɗana."

Na warware turmin gaba ɗaya, na rataya shi a kan ƙarfen ƙofar, ya sauko har ƙasa. Masu shago na tsallaken titi suka fito suna kallo. Wata mai tuyar awara ta gane muryata, ta ɗaga murya ta ce, "Mama, an samu tsohon kuwa?" Na ce ta jira wayarta. Rana tana saman bishiyoyi lokacin da na koma cikin keke, gwiwata kamar ana soka mata allura.

Washegari da hantsi na karanta kashi na ƙarshe. Tsohon ya shigo kotu a kan kafaɗar jikokinsa ya ba da shaida. Matar ta yi magana da bakinta, ba wanda ya katse ta. Alƙali ya sa mai halin ya je gonar da rana tsaka, lafiyarsa ƙalau, ya tsaya a gabanta ana tumɓuke duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Bai mutu ba, bai yi ciwo ba, kuma ba ta yafe ba.

'Yar kawuna ta fita daga ƙungiyar a ranar. Ɗanta bai rasa aikinsa ba, na bincika. Amma ita ba ta sake taka gidana ba. Mun haɗu a wani suna kwanakin baya, na gaishe ta, ta amsa wa matar da ke gefena. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Duk inda na gan ta zan gaishe ta, ni ce babba. Labarin kuwa yana nan yadda na karanta shi, ban cire ko kalma ɗaya ba.