Na Gaba da Hagu, Na Baya da Dama

Ranar Laraba, tara ga Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, wanda duk unguwa ke kira Saje. Na Allah ne mu, can kuma muka nufa gaba ɗaya.

Kawu, ni da kai mun san soja ba su taɓa ba ka igiyar saje ba, mu muka naɗa maka. Shekara shida kana kwaso waɗanda aka harba a fagen daga, amma da yaƙi ya ƙare sai aka rubuta ku, kai da abokan aikinka, a leburori. Masu bindiga suka sami lambar yabo da suna a bangon tunawa. Ku kuwa aka sallame ku da bargo ɗai-ɗai.

Abu ɗaya ka nema, a sa sunayenku a bangon nan. Ni ke rubuta maka wasiƙun roƙon zuwa ga hukumar soja. Duk shekara sai ka goge takalmi, ka tsaya bayan shinge kana kallon fareti. In na ce mu tafi, sai ka ce, "Bari su gama, ɗana, akwai waɗanda na goya a cikinsu." Wallahi abin yana ƙona mini rai, kai kuwa sai murmushi.

Ga faɗa, Allah Ya gafarta maka. Ba a ɗaukar mara lafiya ko makara ba ka sa baki ba. "Na gaba ya fara da hagu, na baya da dama. In kun haɗa ƙafa za ku jijjiga shi. Buhu kuka ɗauko?" Liman ma bai tsira ba. Mukan yi dariya a bayan idonka, amma ranar da ƙanwarka, mahaifiyata, ta karye a ƙugu, kai ka sauko da ita daga bene, ko kukan zafi ba ta yi ba.

Ba a amsa wasiƙa ko ɗaya ba, Kawu. Ranar jana'izarka ba mai kaki da ya leƙo. Amma da muka ɗaga makara, ba wanda ya tuna mana, na gaba suka fara da hagu, mu na baya da dama. Har bakin kabari ba mu jijjiga ka ba.

Ina yi wa matarka Inna ta'aziyya, da 'ya'yanka, da abokan aikinka biyu da suka rage. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya ji ƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya rubuta sunanka inda ba a mantuwa. Amin.